Yadda Ake Hana Kyanwoyin Maƙwabta Ɓata Lambun Gida

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage, namijinta kuma muzuru, dabba ce mai bin sabo, wadda idan ta sami wurin da ya yi mata daɗin kashi takan dinga komawa gare shi har sai wani abu ya sauya a wurin. Abin da take nema shi ne ƙasa mai laushi kuma busasshiya da za ta tona da ƙafafunta na gaba ta binne abin da ta yi, kuma babu inda ya fi dacewa da wannan kamar fangalin da aka yi wa kaftu aka zuba irin alayyafo ko latas ko albasa; fangali kuwa shi ne ɗan filin da ake kewayewa da kunya domin ya riƙe ruwan ban-ruwa. Saboda haka maganin matsalar yana cikin sauya yanayin ƙasar da toshe hanyoyin shiga, kuma ana iya yin duka wannan ba tare da an cutar da dabbar ko an ɓata zumuncin maƙwabtaka ba.

Dalilin ɗaukar lamarin da muhimmanci

Kashin kyanwa ya bambanta da na awaki da tumaki da shanu, domin ita nama take ci, kuma kashinta yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar da ke kama mutum. Mafi shahara a cikinsu ita ce toksofilasma, wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda Charles Nicolle da Louis Manceaux suka bayyana a birnin Tunis a shekarar 1908, daga baya kuma, wajen shekarar 1970, aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa da danginta kaɗai take kammala hayayyafarta. Ƙwan wannan cuta yakan ɗauki kwana 1 zuwa 5 bayan fitarsa kafin ya iya kama mutum, amma idan ya nuna yana iya wuce shekara da ransa a cikin ƙasa mai danshi, kuma haɗarinsa ya fi tsanani ga mai juna biyu, saboda yana iya shafar ɗan da ke cikinta, da kuma wanda garkuwar jikinsa ta raunana. Akwai kuma ƙwan tsutsar ciki da yara kan haɗiya idan sun yi wasa da ƙasa suka kai hannu baki. Ta fuskar ibada, kashin kyanwa da fitsarinta najasa ne a mazhabar Malikiyya, ko da yake jikinta da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne.

Mataki na farko: gane mai ɓarnar da hanyarta

Kafin a sayi komai, ya kamata mai lambu ya yi kwana biyu ko uku yana lura, musamman da magariba da asuba, waɗanda su ne lokutan da kyanwa ta fi yawo. Idan aka barbaɗa toka ko lallausan rairayi a gindin katanga da bakin ƙofa da bakin rariya, da safe za a ga sawu: na kyanwa zagayayye ne mai yatsu huɗu ba tare da alamar farce ba, domin tana janye faratanta idan tana tafiya, na kare kuwa yana nuna farce. Kashin da aka binne a ƙasa mai laushi alama ce ta cewa wurin ya zama makewayinta, amma fitsari mai ƙarfin wari da aka fesa a jikin bango ko tukunyar shuka aikin muzuru ne mai shata iyakar yankinsa, kuma shi ya fi buƙatar wanki da toshe hanya.

Mataki na biyu: kwashe ƙazantar da kawar da warinta

Wari shi ne yake kiran kyanwa ta dawo, don haka duk wata dabara da aka yi a kan ƙazantar da ba a kwashe ba aikin banza ce. A sa safar hannu ko a lulluɓe hannu da leda, a yi amfani da shebur ko ƙaramar fartanya a ɗebe kashin tare da ƙasar da ke kewaye da shi, a juye a masai ko a ƙulle a leda a kai bola, kuma kada a zuba shi cikin takin da ake tarawa domin shuka. Yin haka kowace safiya yana da fa'ida ta musamman, tunda ana kawar da ƙwan cutar kafin ya nuna. Idan a kan siminti ne ko jikin bango, a wanke da sabulu sannan a kwarara tafasasshen ruwa, domin zafi yana kashe ƙwan da maganin wanke-wanke ba ya iya kashewa. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, wanda ya yi kuma ya wanke hannunsa da sabulu, haka nan duk ganyen da aka tsinka daga lambun a wanke shi sosai kafin a ci, musamman wanda ake ci ɗanye.

Mataki na uku: cire abin da ke jawo ta

Sau da yawa abinci ne yake fara kawo kyanwa gida, lambun kuma ya biyo baya. Ƙashin kifi da ragowar tuwo da miya da aka bari a wurin wanke-wanke, da kwandon shara marar murfi, da ɓerayen da ke zarya tsakanin buhunan hatsi, duk gayyata ce gare ta. A rufe shara, a share tsakar gida kafin a kwanta, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a kuma tabbatar akurkin kaji da ɗakin tattabaru suna rufuwa da dare. Tulin yashin gini da aka jibge a gefe yana daga cikin wuraren da kyanwa ta fi so, kuma shi ne wurin wasan yara, saboda haka a rufe shi da tamfol a danne gefensa da duwatsu.

Mataki na huɗu: sauya fuskar ƙasa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, domin kyanwar da ba ta sami inda za ta tsuguna ta tona ba takan nemi wani wuri da kanta. Hanya mafi inganci ita ce shimfiɗa ragar wayar da ake kewaye kaji da ita a kan fangali da zarar an zuba iri, a kafe gefenta da turaku, tsiro ya fito ta cikin idanunta. Inda za a dasa tumatir ko tattasai sai a yanke 'yar kafa daidai gindin shukar. Wanda bai da halin sayen waya yana iya tsittsira guntayen kara ko tsinken itace a cikin fangalin, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 10 zuwa 15, wato ƙasa da taƙi guda, yadda dabbar ba za ta sami wurin juyawa ba. Rassan magarya ko na aduwa da aka jera a kan kunya suna yin aiki irin wannan, domin kyanwa tana ganin ƙaya ta kauce mata, sai dai a kiyaye su a gidan da ƙananan yara ke yawo ba takalmi. A gindin bishiyoyi da cikin tukwanen furanni a jera manyan tsakuwa, a guji lulluɓe ƙasa da buntun shinkafa ko garin katako, saboda laushinsu ya yi kama da abin da take so. Da yake ba ta son jiƙaƙƙiyar ƙasa, mayar da ban-ruwa zuwa yamma yana taimakawa ƙwarai a lokacin rani da hunturu. Waɗannan matakan kariya sun fi zama dole a makonnin farko, domin idan ganye ya rufe ƙasa matsalar takan ragu.

Mataki na biyar: toshe hanya da korar da ba ta cutarwa

Kyanwa mai lafiya tana iya haye katangar da ta kai tsayin mutum, don haka tsayi kaɗai ba ya tsare ta. A fara da rufe bakin rariya da ƙarƙashin ƙyaure da raga, a gusar da ganga ko tulin bulo da take takawa ta sauko, a datse reshen da ya ratso katanga. Idan ragar da aka ɗaura a saman danga ta kasance sako-sako kuma ta karkata waje, kyanwa ba ta samun abin dafawa. Ɓawon lemun zaƙi da na lemun tsami da aka yayyanka aka watsa a hanyarta yana damun hancinta, amma ƙamshinsa yana gushewa cikin 'yan kwanaki, saboda haka taimako ne kawai ga sauran matakan. Watsa mata ruwa kaɗan duk lokacin da aka gan ta yana koya mata ƙin wurin. Akwai kuma na'urorin da ke fesa ruwa ko fitar da siririyar ƙara idan sun ji motsi, ƙarar da kunnen kyanwa ke ji na mutum ba ya ji, sai dai wasu kyanwoyin sukan saba da ita.

Mataki na shida: magana da maƙwabci

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai kyanwar yana da abin yi wanda mai lambu ba zai iya ba. A same shi cikin mutunci, bayan gaisuwa, a bayyana masa damuwar ba tare da zargi ba, a roƙe shi ya tanadar mata kasko ko ɗan rami mai yashi a wani lungu na gidansa, yana kwashewa kullum, domin kyanwar da ke da makewayi mai tsabta a gida ba ta cika nema a waje ba. Likitan dabbobi yana iya ba ta maganin tsutsar ciki, yana kuma iya fiɗiye muzuru, wato yi masa aikin da zai hana shi barbara, abin da ke rage yawonsa da fesa fitsarinsa. Idan magana ta ƙi ci, a sa dattijon unguwa ko mai unguwa a tsakani tun kafin rai ya ɓaci.

Abubuwan da ba a yi

Kada a sa guba ko tarko mai raunatawa, domin gubar ɓera da aka ajiye don kyanwa tana iya faɗawa bakin kaza ko akuya ko yaro. Kada a watsa ƙwayar kafur a ƙasa, saboda tana da guba ga dabba da mutum, haka kuma garin barkono yana ƙona ido da hanci. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa ya isa gargaɗi a kan zaluntar wannan dabba, wadda ita ce ke rage wa unguwa ɓeraye.

Sabon da kyanwa ta yi wata da watanni tana yi ba ya barinta a dare ɗaya, don haka a haɗa matakan a lokaci guda, a dage da kwashewa kowace safiya na tsawon makonni, kuma duk sa'ad da aka yi sabon kaftu a mayar da raga ko kara a ranar, kafin magariba ta yi.