JIJIYOYIN SAƘO DA YADDA ZA KA KIYAYE SU

Ya kai maigida, da ke uwargida, ku karanta wannan takarda a tsanake, sa'an nan ku karanta wa maƙwabtanku da ba su iya karatu ba.

A Hausa abubuwa uku mu ke kira jijiya. Akwai jijiyar jini. Akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Akwai kuma ta uku wadda ba ta ɗaukar jini, sai saƙo. Ita ce za mu yi magana a kanta. Da ita ka ke jin zafi da sanyi, da ita kuma ka ke ɗaga fartanya. Waɗannan jijiyoyi duka suna haɗe da ƙwaƙwalwa da laka, watau farin abin nan da ke cikin ƙashin baya.

TUBALAN JIKI

Kamar yadda a ke gina katanga da tubali, haka jikin mutum ya ke a gine da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai, ana ce da su ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi suna da irin nasu tubalin, shi ne ƙwayar jijiya. A ƙwaƙwalwar mutum guda akwai wajen biliyan 86. A shekarar 1873 wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya samo hanyar rina su don su fito fili a madubi. Daga baya Santiago Ramon y Cajal, mutumin Sifen, ya nuna ko wace ƙwaya zaman kanta ta ke yi, ba a manne ta ke da 'yar'uwarta ba. An haɗa su biyu an ba su kyautar Nobel a 1906.

Ƙwayar jijiya kashi uku ce. Akwai uwar jikinta, inda rayuwarta ta ke. Akwai gajerun rassa kewaye da ita, su ke karɓar saƙo. Akwai dogon zare guda ɗaya mai fitar da saƙo. Wani zaren ya kan taso daga kwankwaso har babban yatsan ƙafa, wajen mita ɗaya ke nan. Zaruruwa da yawa in sun haɗu kamar igiya, su ne jijiyar da ido ke gani.

YADDA SAƘO KE TAFIYA

Saƙo yana bin zaren nan ne kamar 'yar ƙaramar wutar lantarki. Kamar yadda a ke rufe wayar lantarki da roba, haka zare da yawa ke sanye da rigar kitse. Waɗansu ƙwayoyi dabam, masu yi wa jijiya hidima, su ke ɗinka wannan riga. A zare mai riga saƙo ya kan ci har mita 120 cikin daƙiƙa ɗaya. A zaren da ba riga kuwa, abin bai fi kamar mita ɗaya ba.

In saƙo ya kai ƙarshen zare, sai ya tarar da ɗan rata tsakaninsa da ƙwaya ta gaba, kamar ɗan aike ya iso bakin kogi. A nan ƙwayar ta kan saki wani sinadari, shi ne mai fito. Ya ƙetare ratan, ya taɓa ƙwaya ta gaba, ita kuma ta ɗauki saƙo ta wuce.

Ka lura in ka taka garwashi, ka kan janye ƙafa tun ba ka san abin da ya same ka ba? Dalili shi ne laka ce ta karɓi saƙo, ta mai da umurni ga tsoka nan take, sa'an nan labari ya hau ƙwaƙwalwa. In gobara ta tashi, ai mai unguwa ba ya jiran izinin hakimi kafin ya ce a ɗebo ruwa.

To, ga abin da ya wajaba ka riƙe. Fata in ta yage ta kan tofo, ƙashi in ya karye ya kan haɗe. Zaren jijiyar hannu ko ƙafa ma ya kan sake tsirowa, amma a hankali, kamar milimita ɗaya a rana. Ƙwayar jijiyar laka ko ta ƙwaƙwalwa kuwa in ta mutu, yawanci ba ta da magajiya. Shi ya sa mu ma'aikatan ɗakin shan magani mu ke matsa muku ku zo da wuri.

CUTUTTUKA UKU

Shan inna. Ƙwayar wannan cuta daga kashin mai ɗauke da ita ta ke fitowa, ta shiga bakin yaro ta ruwa ko abinci ko hannu mai datti. In ta kai laka sai ta kashe ƙwayoyin da ke ba tsoka umurni. Tsokar da ba ta samun umurni sai ta saki, ta rame. Yaron yana jin taɓi, amma ba ya iya ɗaga ƙafar. Ba maganin da ke ta da ƙwayar da ta mutu, sai dai rigakafi. A 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin irin cutar daga Afirka, amma wani reshe nata yana kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Kuturta. Ƙwayarta ta kan shiga cikin masu ɗinka rigar nan ta jijiya, sai ji ya ɗauke. Mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ruɓe, yatsu su lalace. Alamar farko tabo ne a fata wanda ba ya jin taɓi. Magani na wata 6 ne ko 12, kyauta a ke bayarwa, yana kuwa warkarwa. Wanda ya soma sha ba ya ba kowa cutar.

Haukan kare. Ƙwayarsa ta kan shiga jijiya a wurin cizo, ta riƙa bin zare sannu sannu har ƙwaƙwalwa. Tafiyar ta kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, in cizon na kusa da kai ne ta fi sauri. Allura tana tare ta a hanya. In alamu suka riga suka bayyana kuwa, da ƙyar a ke samun mai tsira.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku bari a ɗiga wa ko wane yaro da bai kai shekara 5 ba maganin rigakafin shan inna, duk sa'ad da aka zo.
2. Ku yi masai, ku wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci.
3. In kun ga tabo a fata, mai shi ya rufe ido a shafa wurin da auduga. In bai ji ba, ku kawo shi a duba.
4. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti ran nan. Kada a jira a ga abin da zai faru.
5. In ƙafa ko hannun yaro ya saki farat ɗaya, ku gaya wa ma'aikacin lafiya nan da nan.

Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Rigakafi ya fi magani.