Wasiƙa Ga Ɗalibai Kan Alamar Da Ke Rufe Jimlar Turanci

Zuwa ga ƙanne da 'ya'ya masu shirin jarrabawar kammala sakandare,

Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani ɗan ƙaramin abu da ke cinye makin ɗalibai a takardar Turanci duk shekara, alhali kuwa gyaransa ba ya buƙatar kuɗin darasi: alamar da ake rufe jimla da ita.

A jarrabawar WAEC, insha'in Turanci maki 50 ne, kuma ana son kalmomi wajen 450. Daga cikin makin nan, 10 an ware su ne domin tsabtar rubutu, wato nahawu da harhaɗa baƙaƙe da alamomin rubutu. Duk kuskuren da mai duba takarda ya zagaye da jan biro, rabin maki ya tafi. Kuskure 20 sun isa su share goman nan kakaf, tun kafin yaro ya kai tsakiyar shafi na biyu. Abin takaici ne a ga ɗalibi mai basira, mai hujjoji masu ma'ana, ya faɗi saboda ɗigo, ga shi kuma babu jami'ar Najeriya da ke buɗe ƙofa ga wanda bai ci kiredit a Turanci ba.

Masana nahawun Turanci sun kasa jimla gida huɗu bisa aikin da take yi: akwai mai ba da bayani, da mai tambaya, da mai umarni, da mai nuna motsin rai. Alamomin rufewa kuwa uku ne kacal, aya da alamar tambaya da alamar motsin rai. Ta bayani ba ta da rigima. "The rain started in June." Babban baƙi a farko, aya a ƙarshe, shi ke nan.

A wajen tambaya ne Bahaushe ke yin tuntuɓe, kuma akwai dalili. A Hausa, "Audu ya tafi kasuwa." da "Audu ya tafi kasuwa?" kalmominsu ɗaya, jerinsu ɗaya, murya ce ke bambanta su, ko a ƙara "shin" a gaba. Turanci bai yarda da wannan sauƙi ba. Sai mataimakin aikatau ya tsallako gaban mai aikin: "Has Audu gone to the market?" Idan jimlar ba ta da mataimaki, sai a aro "do" ko "does" ko "did", kuma da zarar "did" ya shigo, shi ke ɗaukar nauyin lokacin da ya wuce. Saboda haka "Did you see him?" ne daidai, "Did you saw him?" kuwa jan biro ne. Gaskiya ne Turawa da kansu kan ce "You saw him?" a cikin hira idan mamaki ya kama su, amma ɗalibin da ya mayar da wannan hanyarsa ta yin kowace tambaya a wasiƙar neman aiki ya nuna da Hausa yake tunani yana zuba kalmomin Turanci a kai.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan kama mutane, har da masu digiri. "She asked me where I lived." Ɗalibi na ganin "asked" da "where" sai hannunsa ya zana alamar tambaya. Amma wa ake tambaya a nan? Babu. Labarin tambaya ake bayarwa, don haka jimlar bayani ce, aya ce hakkinta, kuma jerin kalmominta na bayani ne. Wanda ya rubuta "where did I live?" a wannan gurbi ya yi kuskure biyu a layi ɗaya.

Sai 'yar gajeriyar tambayar nan da ake liƙawa a wutsiyar magana. Hausa na da "ko ba haka ba?" mai shiga ko'ina, shi ya sa ake jin "isn't it?" a bayan kowace irin jimla a ajujuwanmu. A Turanci kowace jimla da wutsiyarta: "You are coming, aren't you?" amma "She didn't come, did she?" In jimlar ta tabbatar, wutsiya ta kore, in ta kore, wutsiya ta tabbatar. Waƙafi a tsakani, alamar tambaya a ƙarshe.

Jimlar umarni kuwa ɗalibi ba ya buƙatar zuwa nesa nemanta, takardar jarrabawar da ke gabansa cike take da ita: "Answer one question from this section." Ba a ambaci mai aikin ba domin an san da wa ake, kuma da aya aka rufe. Sai in akwai gaggawa ko tsawa, kamar "Run!", ake kawo alamar motsin rai. Roƙo cikin ladabi yakan sa rigar tambaya, "Could you please send me the form?", kuma a nan alamar tambaya ta fi aminci ga mai rubuta jarrabawa.

Ta huɗu ita ce aka fi ɓarnatarwa. Ainihin jimlar motsin rai da "What" ko "How" take farawa, amma ba ta juya jerin kalmomi. A dubi waɗannan biyu da kyau: "How tall is he?" da "How tall he is!" Kalmomi huɗu ne iri ɗaya. Ta farko tana neman a faɗa mata tsawonsa, ta biyu ta ga tsawon ne ya ba ta mamaki. Matsayin "is" kaɗai ya raba su, alama kuma ta bi sahu. A wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ko editan jarida, gara ɗalibi ya bar wannan alama gaba ɗaya, domin a irin wannan rubutu daidai take da ɗaga wa babba murya.

Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin. Wanda ya saba aika saƙo a WhatsApp babu aya ko ɗaya, ko ya jera alamar tambaya uku don nuna ƙosawa, hannunsa ba zai san an shigo zauren jarrabawa ba. Alama ɗaya ta wadatar. Ɗaliban Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci su ma su lura: Faransanci na barin fili kafin alamar tambaya da ta motsin rai, Turanci kuwa manne su yake yi da kalmar ƙarshe.

Shawarar mai wannan wasiƙa ita ce ɗalibi ya ware minti biyar na ƙarshe domin wannan aiki kaɗai. Ya ɗora bakin biro a ƙarshen kowace jimla, ya tambayi kansa me take yi: labari take bayarwa, amsa take nema, aiki take sa wani, ko mamaki take nunawa? Ya duba kuma ko jimlar da ke biye ta fara da babban baƙi. Kafin ranar ta zo, ya riƙa gwada hakan da tsofaffin takardun WAEC da NECO, su yi musayar littafi da abokin karatunsa kowa ya duba na ɗan'uwansa da jan biro.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam.