Kafin a ce elemen ya ƙone, a fara aunawa

Sana'ata gyaran kayan lantarki, kuma da zarar Sallah ta matso ko an shiga lokacin bukukuwa, kuka ɗaya nake yawan ji daga masu gasa kek da burodi a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar: sama ya yi ja, ƙasa ɗanye. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa elemen na ƙasa ya ƙone, a aika Sabon Gari a Kano a sayo sabo. Sau da yawa kuɗin banza ake kashewa, don ciwon yana wani wuri.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne wutar kanta. An ƙera obin ɗin da muke amfani da su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230. Idan ta sauko zuwa 170, zafin da elemen zai bayar bai fi rabi da kaɗan ba, alhali ƙwan cikin obin yana ci, fanka tana juyawa. Na ƙasa kuwa yakan kasance a ɓoye ƙarƙashin faranti, shi ya sa rauninsa ya fi bayyana a gashi. Ƙaramin janareta ma ba zai ɗauki obin mai wat 2,000 ba, siririyar wayar jona soket kuma zafi za ta yi har ta narke.

Sai agogo. Da yawa daga cikin obin na hannu da ake kawowa daga Turai ba sa yin zafi idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai an sake saita lokaci. Idan kun ga lambobi suna ƙiftawa, ku saita agogon tukuna.

Idan elemen na sama yana zafi sosai, na ƙasa shiru, to laifin yana ɗaya daga wuri uku: elemen ɗin, ko bakin wayar da ke jone da shi ta baya, ko makunnin zaɓen sama da ƙasa. Bakin wayar nan yakan saki, ya yi baƙi, ya ƙone, kuma gyaransa bai kai kuɗin sabon elemen ba. Mita ce ke raba gardama. A zare waya daga jikin elemen a auna: mai wat 1,000 zai nuna kusan om 53, mai wat 1,200 kusan 44. Idan mita ba ta nuna komai ba, ya yanke a ciki. Idan kuma ta nuna haɗi tsakanin bakinsa da jikin ƙarfen, ya fashe, kuma shi ne ke sa obin jan mutum. Kumburi ko tsaga a jikinsa ma shaida ce.

Don Allah, kafin a kwance ko noti ɗaya, a zare filogi daga bango ko a sauke makunnin gidan. Kashe obin daga gabansa bai wadatar ba.

Roƙona ga 'yan'uwana masu gyara: idan fiyus ɗin zafi ya yanke, kada a ɗaure shi da waya. An sa shi ne don ya katse wuta idan zafi ya wuce kima, kuma yankewarsa na iya nufin tamostat ya lalace ko fankar sanyaya ta tsaya. Ɗaure shi gayyatar gobara ce a ɗakin girkin da yara ke shiga da fita.

Hajiya, naki aikin shi ne ki daina shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasan obin, domin tana tare zafi a kan elemen, ki kuma goge kwaɓin da ya zuba bayan obin ya huce. Idan mai gyara ya ce a sayi sabo, ki ce ya nuna miki abin da mita ta karanta, sannan a tafi kasuwa da tsohon don a samo daidai girmansa da ƙarfinsa. Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'a.