Darasin Wannan Fitowa: Wane Shiri Mai Fasaha Zai Yi wa Ƙirƙirarriyar Basira?



A cikinmu akwai masu rubuta waƙa a bayan littafin lissafi, akwai masu zane, akwai masu haɗa katin biki a waya suna samun na sabulu, akwai kuma masu burin aikin jarida irinmu. Darasin yau namu ne gaba ɗaya. Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, ta shigo hannun kowa. Mutum zai rubuta layi biyu a waya, kafin ya sha ruwa ta ba shi wasiƙa, ko hoto, ko waƙa har da kiɗa. To wanda ya saba biyan kuɗi a haɗa masa katin ɗaurin aure, me zai sake kawo shi wurinmu?

Wannan fargaba ba mu kaɗai ta kama ba. A 2023 marubutan fina-finan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148, kuma tsoron kada na'ura ta karɓe musu rubutu yana cikin dalilansu.

Yadda take aiki

An ɗura wa na'urar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, har ta koyi wace kalma ce ta saba bin wata. Idan aka tambaye ta, hasashen kalma mai zuwa take yi, ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka abin da aka rubuta da yawa ta iya shi sosai. Abin da ba a rubuta ba kuwa, sau da yawa sai ta ƙaga, ta faɗa da gadara kamar a gabanta aka yi. Mafi yawan rubutun intanet da Turanci yake. Hausa kaɗan ce, kuma wadda ke akwai galibi daidaitacciyar Hausa ce, mai tushe a karin harshen Kano.

Mun gwada da kanmu. Mun nemi wata manhaja ta rubuta mana labarin manomin albasa a fadamar Goronyo. Rubutun ya fito tsaf. Sai dai manomin "biyar" yake cewa maimakon "biyat", yana cewa "me" inda dattawanmu ke cewa "mi". Ta sa ya shuka albasa kamar gero. Babu renon iri, babu dashe a fangali, babu tashin asuba don ban ruwa, babu fargabar ruɓewar albasa a rudu kafin farashi ya tashi. Ɗan aji ɗaya da ke bin babansa garka ya fi ta sanin wannan. A nan ribarmu take, kuma a kai muka gina matakai shida.

1. Mu iya sana'armu ko babu waya

A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Rabah da Goronyo. Wanda duk fasaharsa a cikin manhaja take, ranar nan aikinsa ya tsaya. Mai rubutu ya riƙa cika shafi ɗaya kullum da hannunsa. Mai zane ya riƙe fensir. Mai waƙa ya koyi karin waƙa da amsa-amo wurin malamin Hausa. Sai wanda ya iya aiki ne ke gane inda na'ura ta kwafsa.

2. Mu tattara abin da ba a rubuta ba

Na'ura za ta iya gaya mana cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, an haifi Sardauna Ahmadu Bello a Rabah, kuma madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima take, domin duk an rubuta su. Amma yadda ake noman fadama kafin a gina madatsar, da waƙoƙin daka da niƙa, da kirarin 'yan kokawa, da salon ciniki a kasuwar Achida, suna bakin kakanninmu. Mu zauna da su da littafi da biro. Idan za mu naɗi murya, mu fara neman izini. Sarkin Musulmi Bello kansa haka ya yi: abin da ya gani da abin da ya ji ya tattara a Infaƙul Maisuri a 1812, ga shi har yau masana tarihi na komawa gare shi.

3. Mu ɗauke ta yaron shago

Yaron shago yana ɗauko kaya, yana share wuri, amma maigida ke yanke farashi. Na'ura tana da amfani wajen gyara Turancin takardar neman aiki, da fassarar farko, da tsara batutuwa, da bayanin darasi mai wuya. Gudunta ba dabara ba ce, domin abokin gasarmu yana amfani da ita. Sharaɗi ɗaya ne: duk suna, da shekara, da adadin da ta bayar, mu duba shi a littafi ko mu tambayi malami. Aya da hadisi kuwa, wurin malaman addini ake ɗaukarsu.

4. Mu tsare amana

Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum ko a haɗa hoton abin da bai faru ba. A yanki irin namu, saƙon murya na ƙarya cewa an ga mahara zai iya watsa kasuwa, ya sa mata da yara gudu cikin dare. Kada mu haɗa irin wannan ko da wasa, kada kuma mu tura abin da ba mu tabbatar ba. Idan na'ura ta taimaka mana a aiki, mu faɗa. Haka nan sa muryar mawaƙin da ya rasu, irin su Ibrahim Narambaɗa, ta rera abin da bai taɓa rerawa ba, cin amanarsa ne da ta iyalinsa. Idan ƙarya ta yi arha, mai gaskiya ake nema.

5. Mu san haƙƙinmu

Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Aikin da mutum ya ƙirƙira ya kuma rubuta ko ya naɗa, nasa ne. A shekarar ce kuma wata kotu a Amurka ta ce zanen da na'ura ta yi ita kaɗai ba shi da wannan kariya. Don haka mu adana rubutunmu na farko, mu sa suna da kwanan wata. Shi ne shaidarmu ranar jayayya.

6. Mu san masu sauraronmu

Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ba ta bar su a takarda ba. Ta horar da jajoji suka kai su ƙauyuka, suka karantar da mata 'Yan Taru. Ta san wa take yi wa magana. Mu ma mu fara da unguwarmu. Mai biki zai koma wurin wanda ya san sunan kakan amarya da kirarin gidansu.

Aikin gida

Kowa ya samu dattijo ko dattijuwa a gidansu, ya tambayi abu ɗaya da ake yi a garinsu da, wanda yanzu aka daina. Ya rubuta shi a shafi ɗaya da irin Hausar da aka faɗa masa, ya sa sunan garin da kwanan wata, ya kawo wa kulob ɗin 'yan jarida kafin Alhamis ta sama. Uku da suka fi za su hau wannan allo a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.