Amsoshin Tambayoyinku: Romon Gasasshiyar Masara

Wannan tambaya daga wata mai sauraronmu ce a College Park, garin da Jami'ar Maryland take, kusa da birnin Washington. Tana so ta san yadda ake haɗa romon gasasshiyar masara da Amurkawa ke sha da cokali lokacin zafi.

To Malama, kin yi tambaya a kan kari, domin daga Yuli zuwa Satumba ne masara ke cika kasuwannin manoma a jihar Maryland. Amma ba irin tamu ba ce da ake gasawa a bakin titin Kano da damina. Tasu mai zaƙi ce, mai ruwa, kamar irin da ake kira Silver Queen, kuma da zarar an karye ta zaƙin yakan fara komawa sitaci. Saboda haka ki dafa ta ranar da kika saya.

Ki ɓare guda 6, ki gasa a garwashi kamar minti 10 kina juyawa, har ta yi ɗigon baƙi-baƙi. Ki kankare ƙwayar da wuƙa. Kada ki zubar da totuwar! Ki tafasa ta minti 20, a ruwanta ɗanɗanon yake.

Sai ki soya albasa da tafarnuwa da man shanu, ki zuba ruwan totuwar da masarar da dankalin turawa 2. In sun nuna, ki markaɗa rabi, ki mayar, ki ƙara madara kaɗan da gishiri. Mutanen Maryland kan barbaɗa wani haɗin kayan yaji da ake kira Old Bay, amma a ganina attaruhu ɗaya ya fi dacewa da bakin Bahaushe. A sha lafiya, Malama, a gaida yara.