Maganin Rugugi a Ƙaramin Ɗakin Sauraro

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu za mu koyar a ƙananan ɗakunan siminti, muna kunna wa yara rediyo ko lasifika. Sau da yawa magana takan fito da rugugi, har yara su kasa rarrabe kalmomi. Ina so in bayyana dalili, don kada mu ɓad da kuɗin makaranta a kan maganin banza.

Akwai siririn amo kamar na algaita, akwai kuma mai kauri kamar na gangar fadar Shehu. Mai kaurin shi ne mai wuyar sha'ani. A zafin Maiduguri amo yana tafiyar wajen mita 350 a sakan guda. Wanda ke kaɗawa sau 50 a sakan, tsawon igiyarsa mita 7 ke nan. To, in faɗin ɗaki mita 3 da rabi ne, watau rabin igiyar, sai amon ya yi ta kai da komowa tsakanin bango biyu, yana ƙara wa kansa ƙarfi. A tsakiyar ɗaki ya raunana, a jikin bango da kusurwa kuwa ya taru.

A 1895 wani malamin Jami'ar Harvard a Amurka, Wallace Sabine, ya fara auna wannan al'amari da matasan kujeru, ya nuna abu mai laushi yana shanye amo. Amma fa kauri shi ne magana. Abin da zai shanye amo sosai, sai kaurinsa ya kusa rubu'in igiyar. Rubu'in igiyar amo mai kaɗawa sau 100 ya fi santimita 80. Saboda haka tabarma da labule da kwalin ƙwai siririn amo kaɗai suke ragewa, su bar rugugi yadda yake.

Ga shawarata. Da fari a janye lasifika daga kusurwa, wannan ba ya cin ko kwabo. Sa'an nan a kunna kiɗan ganga, a zaga ɗakin, a lura da inda rugugi ya fi yawa. A nan za a tsai da katifun auduga masu kauri, a gicciye su a kusurwa daga ƙasa har sama, a bar sarari bayansu, gama sararin yana ƙara musu aiki. Katifa biyu a kusurwa sun fi tabarma goma a bango.

Daga ƙarshe a zaunar da yaro a bencin baya, a kunna darasi, a ce ya maimaita abin da ya ji. In ya kawo shi daidai, aiki ya yi.