Amsoshin Tambayoyinku: Bazawarar Gidan Sarauta da Tubabben Ɗan Duniya

Tambaya: Ina yawan karanta littattafan soyayya, na Hausa da na Turanci. A na Turanci da aka gina kan zamanin da, nakan ci karo da labari iri ɗaya: yarinya 'yar manyan gida, mijinta ya rasu, sai wani gawurtaccen manemin mata ya kamu da sonta, ya bar halinsa, su yi aure. Daga ina wannan salo ya fito? Kuma zai yiwu in rubuta irinsa a kan Yola ta zamanin su Lamiɗo Lawal? Daga wata ɗaliba, unguwar Makama, Yola.

Amsa: Zai yiwu, amma sai kin san abin da ke riƙe da labarin a can, don ki san abin da za ki sa a gurbinsa a nan.

Salon ya girma ne a Ingila. A 1740 Samuel Richardson ya fitar da Pamela, inda maigida mai neman lalata da 'yar aikinsa ya gyaru ya aure ta. A 1748 ya sake fitar da Clarissa, inda irin wannan mutum ya zama ajalin yarinyar. Shekara ɗari bayan nan Anne Brontë ta rubuta The Tenant of Wildfell Hall, labarin matar da ta auri mashayi da fatan za ta shiryar da shi, daga baya ta ɗauki ɗanta ta gudu. Kin ga ke nan tun asali marubutan can ba su haɗu a kan cewa so yana gyara ɗan duniya ba. Waɗanda kike karantawa yanzu mafi yawansu jikokin Georgette Heyer ne, wadda tun 1935 ta mai da hankali kan shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na Uku ya kwanta ciwo ɗansa ya riƙe masa sarauta. Misali mafi kusa da tambayarki shi ne When He Was Wicked na Julia Quinn, wanda ya fito a 2004 cikin jerin Bridgerton.

Abin da ya sa suke son bazawara kuwa doka ce. A Ingila ta wancan zamani, mace in ta yi aure dukiyarta ta koma hannun miji, sai dai in danginta sun yi wata yarjejeniya ta musamman, kuma ba a gyara wannan sosai ba sai da dokar 1882. Saboda haka matar da mijinta ya rasu ita ce mai iko da kanta da kuɗinta, in ta sake aure kuma ta rasa wannan iko. Da ta amsa wa ɗan caca, ta miƙa masa gida da gona. Fargabar da ke jan labarin ke nan.

A Yola wannan fargaba ba ta da wurin zama. Modibbo Adama ya kafa garin a 1841, ya rasu a 1847, ɗansa Lawal ya gaje shi har zuwa 1872, kuma shari'ar da alƙalai ke aiki da ita ta mazhabar Malikiyya ce. A ƙarƙashinta mace tana gadon ɗaya bisa takwas na dukiyar miji in yana da 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu, tana raba wannan kaso da kishiyoyinta, kuma sabon aure ba ya ƙwace mata abin da ta mallaka. Sake aure shi ma ba abin kunya ba ne. Asma'u bint Umais ta auri Ja'afar, da ya yi shahada a Mu'uta ta auri Sayyidina Abubakar, bayansa ta auri Sayyidina Aliyu. In kin sa tauraruwarki tana jin laifin sake aure kamar na Turawa, mai karatu zai gane aro ne.

To, me zai riƙe naki labarin? Na farko takaba: wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta tanada, ba ado, ba turare, ba kwana a wani gida. Ayar da ke biye da ita ta hana neman aure a fili cikin wannan lokaci, ta yarda da shaguɓe kawai. Marubuci ba zai so abin da ya fi wannan ba: mutum yana so, bakinsa a ɗaure. Ki tuna kuma matar gidan sarauta tana cikin kulle, ba dandalin rawa da za su haɗu. Saƙo sai ta bakin tsohuwa ko kuyanga. Ƙwaryar goro da aka aiko da sunan gaisuwar ta'aziyya, wadda ta ɗan fi ta kowa cika, ta isa gida ya ɗauki magana. Ga kuma semteende, kunyar Fulani, wadda za ta hana ta ko ambaton sunansa.

Na biyu zawarci. Bazawara ba a ɗaura mata aure sai ta furta yarda da bakinta, amma ba ta da ikon ɗaura wa kanta, sai da waliyyi. A Malikiyya kuma abin da ake dubawa wajen dacewar miji addini ne da lafiyar jiki, ba asali ba, fasiƙi kuwa ba tsaran mace ta gari ba ne. Ke nan baffanta yana da hujja ta shari'a in ya ƙi, kuma tambayar da za a yi a zaure ita ce: wa ya shaida tubarsa, tun yaushe?

A nan ne nake ba ki shawara mafi muhimmanci. Bahaushe ya ce hali zanen dutse, don haka mai karatunki ba zai yarda cewa ido biyu da kyakkyawa ya wanke mutum ba. Dubi tarihin Fudailu bin Iyad, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan Hijira. Ɗan fashi ne, yana haura katanga zuwa wurin wata da yake so sai ya ji ana karanta aya ta 16 a Suratul Hadid, ya sauko ya tuba. So ne ya kai shi katangar, amma ba so ne ya sauko da shi ba. Haka naki tauraron: ya tuba don Allah, ya biya bashi, ya nemi afuwar waɗanda ya ɓata wa suna, ya rabu da abokan sharholiya, mutanen masallaci su gani su faɗa. Ita kuma ta zama mai bincike da yanke hukunci, ba mai jinyar halinsa ba.

Ki kula da tarihi. Jimeta da muka sani ta bunƙasa ne da zuwan Turawa, waɗanda suka ci Yola a 1901 zamanin Lamiɗo Zubairu, don haka kada ki sa bariki a labarin 1860. In kina neman inda ɗan sarauta zai lalace, ga ayarin fataken hauren giwa da zangonsu a hanyar Ngaundere da Banyo. Kada kuma ki ɓoye bayi da rumde, ƙauyukan noman da arzikin manyan gidaje ya dogara a kansu. Sannan ki ƙirƙiri sunayen taurarinki, kada ki jingina fasiƙanci ga wani ɗan Lamiɗo na gaskiya, domin jikokinsu maƙwabtanki ne.

Kafin ki fara rubutu, ki zauna da tsofaffin unguwarku su ba ki yadda ake fita takaba da yadda ake karɓar bazawari a da. Allah ya ba da sa'a.